Daga Kano Zuwa Kotun Stockholm: Tarihin Dickson Etuhu da Shari'ar Cogen Wasa

1.0 Gabatarwa

Ranar Alhamis 18 ga watan Mayu na shekarar 2017 aka shirya buga wasan ƙwallon ƙafa a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin, tsakanin ƙungiyar IFK Göteborg da ta AIK, waɗanda suke cikin manyan ƙungiyoyin ƙasar. An sayar da tikiti, 'yan kallo sun gama shiri. Kwatsam sai Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Suwidin ta ba da sanarwar ɗage wasan. Dalilin da ta bayar shi ne, wani ɗan wasan AIK ya kai ƙara cewa an yi masa tayin kuɗi masu yawa domin ya sa ƙungiyarsa ta faɗi. Da bincike ya yi nisa, sai aka ji sunan ɗaya daga cikin mutanen da ake zargi: Dickson Etuhu, haifaffen birnin Kano, wanda shekara bakwai kafin wannan rana ya buga wa Najeriya gasar Kofin Duniya.

Wannan maƙala za ta bi tarihin wannan ɗan wasa tun daga tasowarsa har zuwa hukuncin da kotu ta yanke masa. Za ta kuma bayyana yadda sana'ar cogen wasa take gudana, da dalilin da ya sa masu yin ta suke neman tsofaffin 'yan wasa. Abin da tarihin yake nunawa shi ne, idan ƙafar ɗan ƙwallo ta gaji, jarin da yake rage masa shi ne sunansa da amanar abokan wasansa, kuma wannan jari ne 'yan caca suke zuwa saye.

2.0 Asali da Tasowa

An haifi Dickson Paul Etuhu a Kano ranar 8 ga watan Yuni na shekarar 1982. A wancan zamani Kano ta riga ta yi suna a fagen tamaula, domin a 1978 ƙungiyar Raccah Rovers ta birnin ta lashe gasar lig ta ƙasa, tun kafin a kafa Kano Pillars a 1990. Sai dai Dickson bai girma a filayen Kano ba. Tun yana yaro iyayensa suka ƙaura da shi da ƙanensa Kelvin, wanda aka haifa a 1988, zuwa Ingila. Sun zauna a unguwar Peckham da ke kudancin Landan, unguwar da ta tara 'yan Najeriya da sauran mutanen Afirka ta Yamma masu yawan gaske. A nan ya koyi ƙwallo.

Ƙungiyar Manchester City ce ta ɗauke shi cikin 'yan wasanta matasa, kuma a 2001 ya fara buga wa babbar ƙungiyar wasa, a ƙarƙashin koci Kevin Keegan. A lokacin City tana rukuni na biyu na gasar Ingila, ba ta da irin dukiyar da aka san ta da ita daga baya. Bai daɗe a can ba. A watan Janairu na 2002 ƙungiyar Preston North End ta saye shi a kan fam 300,000. Kocin da ya kawo shi, David Moyes, ya bar Preston ya koma Everton bayan wata biyu kacal, amma Etuhu ya zauna kusan shekara huɗu. A zamansa ne Preston ta kai wasan ƙarshe na neman gurbin shiga gasar Firimiya a 2005, inda West Ham ta doke ta da ci 1-0 a birnin Cardiff.

Daga Preston ya tafi Norwich City a ƙarshen 2005, da farko a matsayin aro, daga baya aka saye shi. A 2007 kuma Roy Keane ya kai shi Sunderland a kan fam miliyan 1.5, lokacin da ƙungiyar ta hau gasar Firimiya. Ke nan sai da ya yi shekara shida yana fafutuka a rukuni na biyu kafin ya taka babbar gasar Ingila, yana da shekara 25.

Irin wasansa ba mai ɗaukar ido ba ne. Ɗan wasan tsakiya ne mai tare hanya, dogo ƙaƙƙarfa, wanda aikinsa shi ne ya ƙwace ƙwallo daga abokan karawa ya miƙa wa wanda ya fi shi iya rabawa. Irin wannan ɗan wasa ba kasafai yake zura ƙwallo a raga ba, kuma ba kasafai 'yan kallo suke kiran sunansa ba. Amma masu horarwa suna son sa, domin mutum ne da ake ba wuri a ce ya tsare, ya kuma tsare. Wato tun farko abincinsa a kan riƙon amana yake.

3.0 Shekarun Ganiya a Fulham

A watan Agusta na 2008 Etuhu ya koma Fulham, wata ƙungiya da ke yammacin Landan a bakin kogin Thames, wadda a lokacin mallakar attajirin nan ɗan Masar ce, Mohamed Al-Fayed. Kocinta Roy Hodgson ya haɗa shi da Danny Murphy a tsakiyar fili: Etuhu yana ƙwato ƙwallo, Murphy yana rabawa. A kakar wasa ta 2008/2009 Fulham ta ƙare a matsayi na bakwai a gasar Firimiya, matsayin da ba ta taɓa kaiwa ba a tarihinta. Wannan ya ba ta damar shiga gasar Europa ta nahiyar Turai.

Tafiyar da Fulham ta yi a wannan gasa tana cikin abubuwan da magoya bayanta ba sa mantawa. Ta fara tun watan Yuli na 2009 da wata ƙaramar ƙungiya ta ƙasar Lituweniya. Bayan wasannin rukuni ta fitar da Shakhtar Donetsk ta Yukren, wadda ita ce take riƙe da kofin. Daga nan ta gamu da Juventus ta Italiya. A wasan farko a birnin Turin, cikin watan Maris na 2010, Juventus ta ci 3-1, kuma Etuhu ne ya ci wa Fulham ƙwallonta ɗaya tilo. Wannan ƙwallo ta yi rana, domin a wasa na biyu a Landan Fulham ta ci 4-1, ta wuce da jimillar 5-4. Ta ƙara da fitar da ƙungiyoyin Jamus guda biyu, Wolfsburg da Hamburg.

Ranar 12 ga watan Mayu na 2010 aka buga wasan ƙarshe a birnin Hamburg, tsakanin Fulham da Atletico Madrid ta Sifen. Etuhu yana cikin 'yan wasa 11 da suka fara. An tashi minti 90 kunnen doki, 1-1, sai a ƙarin lokaci Diego Forlan ya ci ta biyu, Atletico ta ɗauki kofi. Duk da rashin nasarar, wannan dare shi ne ƙololuwar sana'ar Etuhu a matakin ƙungiya.

4.0 Rigar Najeriya

Ko da yake a Ingila ya tashi, Etuhu ƙasar haihuwarsa ya buga wa. An fara kiran sa cikin ƙungiyar Super Eagles a 2007, zamanin koci Berti Vogts ɗan Jamus. Yana cikin tawagar da ta je gasar cin kofin Afirka ta 2008, wadda Ghana ta shirya a birane huɗu: Accra da Kumasi da Sekondi da Tamale. Domin wannan gasa ne aka gina sabon filin wasa na Tamale, wanda daga baya aka sa masa sunan marigayi Alhaji Aliu Mahama. Najeriya ta buga wasannin rukuninta a Sekondi, sannan mai masaukin baƙi ta fitar da ita da ci 2-1 a Accra. Ya kuma je gasar 2010 a Angola a ƙarƙashin Shaibu Amodu, inda Ghana ta sake tare wa Najeriya hanya da ci 1-0 a wasan kusa da na ƙarshe, Najeriya ta dawo da matsayi na uku.

Wata ɗaya bayan wasan Hamburg, Etuhu ya sauka a Afirka ta Kudu domin gasar Kofin Duniya ta farko da aka yi a nahiyar Afirka. Kocin Najeriya a lokacin, Lars Lagerbäck, ɗan Suwidin ne, ƙasar da daga baya za ta zama wurin faɗuwar ɗan wasan nasa. A tsakiyar fili Lagerbäck ya haɗa haifaffun Kano guda biyu, Etuhu da Sani Kaita. Ajantina ta ci Najeriya 1-0. A wasa na biyu, ranar 17 ga watan Yuni a Bloemfontein, Najeriya tana gaban Girka da ci ɗaya sai aka ba Kaita jan kati, Girka ta farke ta ƙara, aka tashi 2-1. Wasa na uku da Koriya ta Kudu aka yi canjaras 2-2, Najeriya ta fita tun a zagayen farko. Fushin 'yan ƙasa ya faɗa a kan Kaita da wasu 'yan wasan gaba da suka ɓarar da damarmaki. Etuhu ya dawo da sunansa kamar yadda ya tafi da shi.

5.0 Gangara

Sana'ar ƙwallo gajeriya ce. Malami ko ɗan kasuwa yana fara cin moriyar sana'arsa ne a shekarun da ɗan ƙwallo yake sallama da tasa. A 2012, yana da shekara 30, Etuhu ya bar Fulham ya koma Blackburn Rovers, wadda ta faɗo daga gasar Firimiya a shekarar. Ciwon gwiwa ya hana shi sakat, kuma a 2013 aka raba gari tun kafin kwantiraginsa ya ƙare. Ya zauna sama da shekara guda ba shi da ƙungiya.

A ƙarshen 2014 ƙungiyar AIK ta birnin Stockholm ta ɗauke shi. Ya buga mata kakar 2015 da ta 2016. A nan ya zauna ɗaki ɗaya na sauya kaya da wani mai tsaron gida mai suna Kyriakos Stamatopoulos, wanda aka fi sani da Kenny. An haifi Kenny a Girka a 1979, ya tashi a Kanada, ya kuma tsare wa Kanada gida. Ya daɗe a AIK, mafi yawan lokaci a matsayin mai jiran ko-ta-kwana. Dukansu biyu baƙi ne a Suwidin, dukansu sun girmi yawancin abokan wasansu, kuma dukansu suna daf da barin fili. Bayan kakar 2016 Etuhu ya bar AIK, Kenny ya ci gaba da zama.

6.0 Yadda Cogen Wasa Yake Gudana

Domin a fahimci abin da ya biyo baya, wajibi ne a san mece ce sana'ar cogen wasa. Cogen wasa shi ne a shirya sakamakon wasa, ko wani ɓangare nasa, tun kafin a hura usur. Iri biyu ne.

Iri na farko shi ne wanda ƙungiyoyi suke yi domin neman hawa rukuni na gaba ko gudun faɗuwa. Wannan sananne ne a Afirka ta Yamma. A Ghana a 2007, a ranar ƙarshe ta neman hawa babbar gasa, an tashi wani wasa 31-0, wani kuma 28-0. A Najeriya, cikin watan Yuli na 2013 a Bauchi, Plateau United Feeders ta ci abokiyar karawarta 79-0, Police Machine kuma ta ci tata 67-0, domin kowace tana neman ta fi ɗayar yawan ƙwallaye. Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya ta haramta wa 'yan wasan da abin ya shafa buga ƙwallo har abada. Irin wannan coge ba shi da wuyar ganewa, ko yaro ya ga sakamakon ya san da walakin.

Iri na biyu shi ne na 'yan caca, kuma ya fi haɗari domin ba ya barin alama a fili. Tun da intanet ta yaɗu, mutum yana iya zama a wata nahiya ya sa kuɗi a kan wasan da ake bugawa a wata. Ba wanda zai ci kaɗai ake caca a kai ba. Ana yi a kan yawan ƙwallayen da za a zura, da tazarar da za a bayar, da sakamakon hutun rabin lokaci. Wanda ya san abin da zai faru tun kafin ya faru ba caca yake yi ba, kwasar kuɗin jama'a yake yi. A watan Fabrairu na 2013 hukumar 'yan sandan Turai, Europol, ta bayyana cewa ta gano wasanni kimanin 680 da ake zargin an yi coge a cikinsu, 380 daga ciki a Turai, kuma ta danganta da yawa daga cikinsu da wani gungu mai cibiya a Singafo.

Fitaccen ɗan wannan gungu shi ne Wilson Raj Perumal, wanda aka kama a ƙasar Finlan a 2011 aka ɗaure shi, bayan ya sayi wasu 'yan wasa, yawancinsu 'yan Zambiya, a wata ƙungiya ta garin Rovaniemi. Guguwar irin wannan bincike ta taɓa yankinmu na Afirka ta Yamma. A watan Janairu na 2019 hukumar FIFA ta haramta wa alƙalin wasa Ibrahim Chaibou na Jamhuriyar Nijar shiga harkar ƙwallo har abada saboda karɓar rashawa. A watan Agusta na shekarar ta yanke wa tsohon kocin Najeriya Samson Siasia irin wannan hukunci saboda hulɗarsa da Perumal, kafin kotun wasanni ta duniya ta rage shi zuwa shekara biyar a 2021.

Akwai abubuwa biyu da ɗan coge yake bukata. Na farko, mutumin da kuskurensa ɗaya yake iya sauya wasa, kuma ba za a gane da gangan ya yi ba. Mutum biyu ne suka fi dacewa da haka: alƙalin wasa da mai tsaron gida. Gola yana iya jinkirta tsalle da ƙiftawar ido, ƙwallo ta shige, kowa ya ce tsautsayi ne. Na biyu, hanyar isa ga wannan mutum. Baƙo ba ya iya tare ɗan wasa a titi ya yi masa irin wannan magana, domin zai kira 'yan sanda. Dole a sami wanda ɗan wasan ya sani, ya yarda da shi, wanda in ya kira shi cin abinci zai zo ba tare da tambaya ba. Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari. Tsohon ɗan wasa da albashinsa ya tsaya, amma lambobin abokansa suna nan cikin wayarsa, shi ne ɗan garin da ake nema.

7.0 Zaman Cin Abinci a Stockholm

A tsakiyar watan Mayu na 2017, Oscar Linnér, matashin golan da yake tsare wa AIK gida, ya ji rauni. Saboda haka Kenny Stamatopoulos ne zai tsaya a raga a wasan Gothenburg. Kwana biyu kafin wasan, Kenny ya je wani gidan cin abinci a Stockholm domin ganawa da tsohon abokin wasansa Etuhu. A wurin ya tarar da mutum na uku, Alban Jusufi, shi ma tsohon ɗan ƙwallo ne a Suwidin.

Bisa bayanin da Kenny ya yi wa ƙungiyarsa, da 'yan sanda, da kotu, a wannan zama ne aka nuna masa cewa akwai kuɗi masu yawa da zai samu idan ya yi sakaci a wasan. Kafofin watsa labarai sun ruwaito cewa kuɗin da aka ambata sun kai kimanin kurona miliyan biyu na Suwidin. Ga golan da yake daf da cika shekara 38, wanda ya shafe shekaru a benci, wannan ba ƙaramin tayi ba ne. Kenny bai karɓa ba, bai kuma yi shiru ba. Ya sanar da shugabannin AIK, su kuma suka sanar da hukumar ƙwallo, hukumar ta ɗage wasan ta kira 'yan sanda.

Ya kamata a lura da nauyin abin da Kenny ya yi. Ƙin karɓa abu ne guda, kai ƙara kuma wani abu ne daban. Da yawa daga cikin 'yan wasan da ake yi wa irin wannan tayi sukan ƙi, amma su rufe bakinsu, ko don tsoron gungun da yake bayan mai tayin, ko don kunyar tona asirin aboki. Shi ya sa dokokin hukumomin ƙwallo suka mayar da ɓoye tayin coge laifi mai zaman kansa. Kenny ya zaɓi amanar ƙungiyarsa a kan kunyar abokinsa, ya kuma yarda ya tsaya a gaban alƙali ya maimaita maganar a kan idon mutumin da suka yi shekara biyu suna atisaye tare.

8.0 Shari'a

Tun a 2012 Suwidin ta faɗaɗa dokarta ta cin hanci, ta shigar da 'yan wasa da jami'an duk wata gasa da jama'a suke caca a kanta. A ƙarƙashin wannan doka, yin tayin toshiyar baki laifi ne, ko an karɓa ko ba a karɓa ba. Da ita aka gurfanar da Etuhu da Jusufi. Dukansu sun musanta laifin.

Shari'ar ta zo da wata matsala. Ba a buga wasan a ranar ba, balle a duba ko an yi sakaci. Kuɗi ba su shiga hannun kowa ba. Abin da yake gaban kotu shi ne maganar da aka yi a kan teburin abinci, kuma masu irin wannan magana ba sa fitowa fili su faɗe ta, sai dai a yi hannunka-mai-sanda. Tambayar ita ce: yaushe zagaye-zagayen magana yake zama tayi a idon doka?

A watan Disamba na 2018 kotun farko ta Stockholm ta sallami mutanen biyu. A ganinta, abin da aka faɗa a zaman bai fito fili ba har ya kai a kira shi tayin cin hanci. Masu gabatar da ƙara ba su gamsu ba, suka ɗaukaka ƙara. A watan Nuwamba na 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta Svea ta soke hukuncin farko. Ta ce abin da Kenny ya ji ya isa ya fahimci cewa kuɗi ake yi masa tayi domin ya ɓata wasa, kuma haka masu maganar suke nufi. Ta sami Etuhu da Jusufi da laifi. Ba a kai Etuhu gidan yari ba. An yanke masa hukuncin je-ka-gyara-halinka tare da tara. A watan Afrilu na 2020 Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Suwidin ta haramta wa mutanen biyu shiga harkar ƙwallo na tsawon shekara biyar.

Hukuncin kotun Svea yana da muhimmanci fiye da mutanen da ya shafa. Da hukuncin farko ya tabbata, da 'yan coge sun sami darasi mai sauƙi: a yi magana a dunƙule, in an karɓa an ci riba, in an ƙi babu laifi. Da kuma duk ɗan wasan da aka yi wa tayi ya ga cewa kai ƙara wahalar banza ce. Kotun ta toshe wannan kafa.

9.0 Wa da Ƙane

Tarihin gidan Etuhu yana da wani ɓangare da yake ƙara haska wannan magana. Kelvin, ƙanen Dickson, shi ma ya tashi a Manchester City, har ya buga mata wasanni a gasar Firimiya. A watan Maris na 2011 wata kotu ta ɗaure shi wata takwas saboda dukan wani mutum a wata rigima da aka yi a wajen wani gidan caca a Manchester. City ta rabu da shi. Amma da ya fito, Portsmouth ta ɗauke shi a 2012, daga nan ya buga wa Barnsley da Bury da Carlisle United. Ya yi shekaru yana cin abinci da ƙwallo bayan ɗaurin.

A ma'aunin kotu, laifin ƙanen ya fi nauyi, domin shi ya kwana a kurkuku, wan bai kwana ba. A ma'aunin ƙwallo kuwa, abin ya juya. Laifin Kelvin na zuciya ne, ya faru a titi, ya cuci mutum guda, ya kuma biya. Laifin da aka sami Dickson da shi ya taɓa tushen wasan kansa. Abin da yake tara dubban mutane a filin wasa, ko ya cika gidan kallo a Fagge ta Kano ko Kanvili ta Tamale, shi ne yardar cewa babu wanda ya san yadda za a tashi. Ranar da wannan yarda ta gushe, abin da ya rage wasan kwaikwayo ne da aka ɓoye wa 'yan kallo cewa shiri ne. Saboda haka ƙwallo takan yafe wa mai faɗa, amma da wuya ta sake sakin jiki da wanda aka kama yana cinikin sakamako.

Haramcin shekara biyar bai raba Dickson da buga wasa ba, domin lokacin da aka yanke shi yana da shekara 37, ƙafa ta riga ta huta. Abin da ya taɓa shi ne rayuwa ta biyu da tsofaffin 'yan wasa suke dogara da ita: horarwa, da dillancin 'yan wasa, da neman yara masu hazaƙa, da sharhi a rediyo da talabijin. Duk waɗannan ayyuka ne da ake bayarwa saboda suna.

10.0 Kammalawa

An ga yadda yaron da aka haifa a Kano a 1982 ya bi ta Peckham da Preston da Norwich har ya kai wasan ƙarshe na wata babbar gasar Turai da kuma Kofin Duniya a cikin shekara guda. An ga yadda rauni da shekaru suka sauko da shi, da yadda sanayyar da ya ƙulla a AIK ta zama ƙofar da aka bi aka isa ga golan ƙungiyar. An kuma ga yadda kotuna biyu suka saɓa a kan magana ɗaya, kafin ta biyun ta tabbatar da laifi.

Masu hikima sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A harkar ƙwallo, tsagar takan bayyana ne a ƙarshen sana'a, lokacin da tafi ya ɗauke, albashi ya tsaya, mutum yana da sauran rabin rayuwa a gabansa. Makarantun ƙwallo da suke tara yara a Kano da Kaduna da Tamale suna koya musu yadda ake shiga wannan sana'a, amma fita daga cikinta ma abin koyo ne. Daga wasansa na farko a Manchester City a 2001 zuwa zaman Stockholm a 2017, Dickson Etuhu ya yi shekara 16 yana tara suna a matsayin mutumin da ake ba wuri ya tsare. Wasan da ya jawo masa hukunci bai buga shi ba, kuma ba a ba kowa ko kwabo ba. Shi kuwa Kenny Stamatopoulos, wanda ya tashi daga teburin ya kai ƙara, AIK ta riƙe shi bayan wannan shari'a a matsayin mai horar da masu tsaron gidanta.